Daga Pearl Harbor Zuwa Kahu: Yadda Harin Safiya Ɗaya Ya Kai ’Ya’yanmu Bama

Ni mutumin Kahu ne, a ƙasar Kibiya, kudu da birnin Kano. Ruwa mafi girma da na sani ina yaro shi ne madatsar Tiga, don haka mai karatu na iya mamakin abin da ya haɗa ni da zancen sansanin sojan ruwa. Abin da ya haɗa mu wani dattijo ne, tsohon soja, da ke zama a gindin bishiya kusa da masallacinmu. Yakan ba mu labarin dajin Bama, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, matsattsaku suna shan jinin mutum, abinci kuma daga jirgin sama ake jefo shi. Wata rana na tambaye shi abin da Japanawa suka yi masa har ya tafi yaƙarsu. Ya yi dariya, ya ce: “Yaro, ni ma har na dawo ba wanda ya gaya mini.” Allah ya ji ƙansa. Sai da na girma na gane cewa amsar tambayata tana can a tsibirin Oahu na Hawai.

Ranar Lahadi, 7 ga Disamba, 1941, gab da ƙarfe takwas na safe, jiragen saman Japan 353, waɗanda suka taso daga manyan jiragen ruwa shida masu dakon jirage, suka auka wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a rukuni biyu. Cikin kimanin sa’o’i biyu an kashe Amurkawa 2,403, an lalata jiragen sama 188, an illata dukkan manyan jiragen yaƙi takwas da ke tashar, huɗu daga cikinsu suka nutse. A jirgin Arizona kaɗai mutum 1,177 suka halaka. Japan kuwa jiragen sama 29 ta rasa.

Harin ya zo ba zato, amma dalilansa sun daɗe suna taruwa. Japan ƙasa ce mai masana’antu da ƙarfin soja, sai dai ba ta da man fetur ko isasshen ƙarfe. Ta mamaye Manchuriya a 1931, ta shiga yaƙi gadan-gadan da Sin a 1937. Da ta tura sojoji kudancin Indochina, wadda ke hannun Faransa, a watan Yuli na 1941, sai Amurka ta riƙe kadarorinta, ta kuma toshe mata hanyar mai, alhali kusan kashi 80 cikin ɗari na man da take amfani da shi daga Amurka yake zuwa. Shugabannin Tokyo suka ga ko dai su janye daga Sin su sha kunya, ko su ƙwace rijiyoyin man tsibiran da yau ake kira Indonesiya da robar Malaya. Suka zaɓi ƙwace. Rundunar da za ta iya tare musu hanya ita ce ta Pearl Harbor, shi ya sa Admiral Yamamoto ya tsara a karya ta tun ranar farko.

A ɓangaren Amurka kuma akwai sakaci da raini. An san yaƙi na tafe, amma an ɗauka a Filifin ko Malaya zai ɓarke. An jera jiragen sama fiffike da fiffike a fili don tsoron maƙarƙashiya daga cikin gida, abin da ya sauƙaƙa wa maharan aiki. Wasu sojoji biyu masu kula da na’urar hango jirage sun ga tawagar tafe kusan sa’a guda kafin ta iso, suka kai rahoto, jami’in da ke bakin aiki ya ce kada su damu, don ya zaci jiragen Amurka ne da ake jira.

Nasarar Japan ta kwana kaɗan ce. Jiragen Amurka masu dakon jirage ba sa tashar a ranar, kuma ba a taɓa rumbunan mai da wuraren gyaran jirage ba. Al’ummar da ke jan ƙafa game da shiga yaƙi ta haɗa kai cikin dare ɗaya: Amurka ta shelanta yaƙi ranar 8 ga Disamba, Hitila ya shelanta nasa a kanta ranar 11. Bayan wata shida, a gwabzawar Midway, Japan ta rasa huɗu daga cikin jiragen nan shida. Ƙarshen lamarin shi ne Hiroshima da Nagasaki a Agustan 1945. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, amma fararen hula ne suka fi biyan bashin, har da kimanin mutum 120,000 masu asalin Japan da Amurka ta tsare a sansanoni ba tare da shari’a ba.

To, ina namu a ciki? A sa’o’in da ake ruwan bama-bamai a Hawai, sojojin Japan suna sauka a Malaya, wadda ke ƙarƙashin Ingila kamar yadda muke. Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu, 1942, Rangun ta bi baya a watan Maris. Ingila ta rasa kuza da roba na Gabas, sai ta juyo kanmu. Daga 1942 zuwa 1944 aka kwashi manoma kimanin 100,000 daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Aka matsa wa hakimai da dagatai lamba kan noman gyaɗa. Filin jirgin saman Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya zama zangon jiragen yaƙi masu tasowa daga Takoradi zuwa Khartum da Masar. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Abubakar Imam ke wa edita, ita ke kai wa mutanenmu labarin fagen daga.

Sannan aka nemi jini. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ’yan Arewa suna da yawa a cikinsu, aka ɗora su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga nan sai Bama. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, wasu bataliyoyin Nijeriya suka shiga bayan layin abokan gaba tare da dakarun Chindit a 1944, kuma a Janairun 1945 suka karɓe garin Myohaung. Wanda ya wuce Barikin Chindit a Zariya, ko Dalet a Kaduna, ko Arakan da Myohaung a Legas, sunayen wannan yaƙi yake karantawa, ko da bai sani ba. Waɗanda suka dawo sun ga Bature yana jin tsoro kuma yana mutuwa kamar kowa, sun kuma ga Indiya tana fafutikar ’yanci. Wannan ya rage kwarjinin mulkin mallaka a idon talaka.

Dalilina na tono wannan tarihi shi ne har gobe muna maimaita kuskuren jami’in nan da ya ce kada a damu. An mamaye sansanin rundunar haɗin gwiwa a Baga a Janairun 2015, an yi mana ɓarna a Metele a Nuwamban 2018, an kutsa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna a Agustan 2021. Duk lokacin da irin haka ta faru, tambayar da ya kamata majalisa da ’yan jarida su dage a kai ita ce: wa ya ga alama, wa ya gaya wa, kuma me aka yi da labarin? Kakanninmu na ƙasar Rano, da suka sha hare-haren Ningawa a ƙarni na sha tara, sun san ganuwa ba ta da amfani in mai tsaron ƙofa yana barci. Manomi ko makiyayin da ya ga baƙuwar fuska a gefen dajin Falgore shi ne na’urar hangen nesanmu, kuma ba zai sake kai rahoto ba idan aka wulaƙanta shi, ko aka tona asirinsa ga waɗanda ya gani.

Akwai kuma bashin da ke kanmu. Tsoffin sojojin Bama sun kusa ƙarewa, kuma mafi yawan labarinsu ya bi su kabari. Ina kira ga ɗalibanmu na sashen tarihi a Jami’ar Bayero da kwalejojin ilimi su shiga ƙauyukan Rano da Kibiya da Bunkure, su zauna da ’ya’ya da jikokin waɗannan bayin Allah, su rubuta abin da ya saura, su ɗauki hoton lambobin yabo da takardun sallama kafin gara ta cinye. Dattijon garinmu ya rasu bai san dalilin tafiyarsa Bama ba. Bai kamata jikokinsa su ma su tashi ba su sani ba.