Ba a lalata Audacity ba, wurin kamun ne ya sauya

A shagunan tura karatu da waƙa na Jega da Maiyama, da ɗakunan ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero masu haɗa talla da sanarwar biki, akwai maganar da ta ƙi mutuwa: wai an lalata sabuwar Audacity, manhajar gyaran sauti, duk mai son aikinsa ya nemi tsohuwa a filashi ya riƙe ta gam. Wasu har suna ƙarawa da cewa leƙen asiri take yi. Wannan zargin yana da mafari, domin a 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi manhajar, ya fitar da ƙa'idar tattara bayanai da ta tayar da ƙura a watan Yuli, har sai da ya gyara ta. Amma in ka ce wa mai ƙorafin ya nuna maka inda aka lalata, ba can zai kai ka ba. Linzamin kwamfuta zai kama, ya danna tsakiyar sautin, ya ja, wurin ya sauya launi, sautin kuwa ko gezau.

A tsohuwar manhajar akwai wata kibiya mai kai biyu da ake kira da maɓallin F5. In ka ɗauke ta, ko'ina ka kama a jikin sauti zai bi ka. A Oktoban 2021, da fitowar siga ta 3.1, aka cire ta, aka sa wa kowane guntun sauti ɗan maɗauki a samansa mai ɗauke da sunansa. Nan ake kamawa a ja. Cikin zanen igiyar sautin kuma aka bar shi don zaɓen wurin da za a yanke ko a ƙara wa ƙarfi.

Mutumin Aliero bai kamata wannan ya ba shi wuya ba. Mai son matsar da buhun albasa bakinsa yake kamawa, mai son tsince ruɓaɓɓiya kuwa ciki yake tura hannu. Hannu ɗaya ne, buhu ɗaya, amma inda ka sa hannun shi ke faɗin niyyarka. Matsalar da ke gaban masu ƙera manhaja ke nan: danna-ka-ja motsi ɗaya ne, niyya kuwa biyu ce, zaɓe da matsarwa, kuma kwamfuta ba ta san zuciyarka ba.

Kowane kamfani da yadda ya raba gardamar. Cool Edit Pro, wadda Adobe ya saya a 2003 ya mayar da ita Audition, ta ba maɓallin hagu na linzami zaɓe, na dama matsarwa. Shi ya sa tsofaffin ma'aikatan rediyo yatsansu na tsakiya ke zabura da kansa. Pro Tools tana iya raba guntun biyu, rabin sama na zaɓe, rabin ƙasa na ɗauka. Reaper ta juya lamarin, hagu ya matsar, dama ya zagaye guntaye da yawa, ta kuma bar ka ka sauya tsarin yadda kake so. Wanda ya ce wata hanyar ita ce mai sauƙi, yawanci wadda ya fara koya yake nufi.

Duk da haka, a ganina sabon tsarin Audacity ya fi dacewa da irin aikinmu. Da yawa daga abin da ake gyarawa a nan tafsirin watan azumi ne da wa'azi da huɗuba. A tsohon tsari sai mutum ya manta yana riƙe da kibiyar matsarwa, ya ja da nufin zaɓe, fassarar malam ta goce daga ƙarƙashin ayar da alaramma ya ja, bai lura ba har karatun ya shiga wayoyin mutane. Maganar malami ba abin wasa ba ce. Yanzu kuwa sai ka nufi maɗaukin da gangan. In kuma ka ja gefen guntun daga sama don rage shi, abin da ka rage ɓuya yake yi, ba ya gogewa, kana iya dawo da shi.

Inda abin yake ɓata mini rai shi ne wajen koyarwa. Ana raba wa matasa kwamfutoci da sunan koyar da sana'a, a yi hoto a watse, babu linzami a cikin jakar, babu mai zama da su ko na mako guda. Yaro ya ƙare da shafa yatsa a ɗan falankin kwamfutar, yana neman maɗaukin da bai kai faɗin farce ba. Dole ya ce an lalata. A ba shi linzami mai ɗan gare a tsakiya, a nuna masa Ctrl da garen suna faɗaɗa zanen, Ctrl da I suna raba guntu biyu, Ctrl da Z suna mayar da kuskure. In layin alaramma daban ne da na malam, ya kunna Sync-Lock kafin ya taɓa komai, don su riƙa tafiya tare.