FASHIN BAƘI: Yadda akwalar mota ke zame wa masu ita ƙadangaren bakin tulu a Gwandu da Kalgo

A garuruwan Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi, ba abin mamaki ba ne a ga mota ta shafe makonni a bakin gareji, an ɗaga murfin injinta, ƙura ta lulluɓe gilashi. Haka abin yake ga babur ɗin ɗan kabu-kabu da ke cin bakin mai kamar fetur, da injin ban-ruwan manomin rani da ba ya tashi sai an sha wuya. Masu waɗannan kayayyaki sun san ba su da lafiya. Sun kuma san abin da suke kashewa a gyara ya wuce hankali. Duk da haka ba su sayar ba, ba su yar ba.

Galibi akan ɗauki lamarin a matsayin rashin sa'a, ko sakacin mai saye. Amma idan aka bi sawun motar tun daga ƙasar da ta fito har zuwa ƙofar gidan da ta mace, za a ga cewa tsari ne ya tara duk asarar a kan mutum guda, wato mai saye na ƙarshe. Mazauna garuruwa irin su Gwandu da Kalgo kuwa su ne ke zaune a wannan ƙarshen layin.

Daga ina motocin ke fitowa?

Akwai lokacin da ma'aikacin gwamnati a Arewa ke iya sayen sabuwar mota fil a leda. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, a zamanin da ake da Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauci, da masana'antar manyan motoci a Kano. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, kasuwa ta koma hannun motocin gwanjo da ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam.

Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Rahoton ya kawo wani bincike da hukumomin ƙasar Holan suka yi a kan motocin da ke barin tashoshinsu, inda aka tarar akasarinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma mafi yawansu ba su da takardar shaidar cancantar hawa titi. Ma'ana, motar da doka ta hana ta yawo a can, ita ce ake yi wa marhabin a nan.

Daga Amurka kuma akwai motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye, waɗanda kamfanonin inshora ke yin gwanjonsu da araha. Da sun iso, sai mai gyaran bodi da mai fenti su yi musu kwaskwarima. Akan mayar da agogon kilomita baya. Akan kuma cire na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, saboda tana ɗauke da ƙarafa masu tsada. Ruwan da ya shiga wayoyin mota ba ya nuna kansa ranar ciniki; sai bayan watanni, idan tsatsa ta kama, wuta ta fara ɗaukewa a tsakiyar hanya.

Motar da ta kai Kalgo ko Gwandu sau da yawa ta riga ta ratsa hannaye da dama a Legas, ko Kano, ko Sakkwato, ko Birnin Kebbi. Kowane hannu ya ci ribarsa, kowane dillali ya karɓi la'adarsa, kuma a kowane zango wani ɓangare na tarihin motar yana ɓacewa.

Mai sayarwa ya sani, mai saye yana hasashe

A 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya wallafa nazari a kan kasuwar motocin hannu, wanda yana cikin ayyukan da suka sa ya samu kyautar Nobel a 2001. Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce. Mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba. Tunda mai saye ba zai iya bambance mai kyau da maras kyau ba, sai ya taya kowace mota da farashin da ya haɗa da tsoron a cuce shi. Mai mota lafiyayya ya ga tayin bai kai ba, sai ya fasa sayarwa. A hankali kasuwa ta cika da marasa lafiya.

Wannan ya bayyana rabin matsalar mai akwala. A ƙaramin gari kowa ya san motar kowa. Makanikin da zai raka mai saye duba ta wataƙila shi ne ya sauke giyabos ɗinta bara. Idan mai ita ya faɗi gaskiya, kuɗin da za a taya ba za su sayi madadinta ba. Idan ya ɓoye, ya zubar da mutuncinsa a garin da zai ci gaba da haɗuwa da mai sayen a masallaci da wurin ɗaurin aure. Zaɓin da ya rage shi ne a kai ta wani gari inda ba a san ta ba, wato a miƙa wa wani bawan Allah irin cutar da aka yi masa, ko kuma a bai wa 'yan gwangwan su auna ta a kan sikeli.

Kuɗin canji ya fi ƙarfin aljihu

Sauran rabin matsalar farashi ne. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Wannan ya shafi Kebbi kai tsaye, domin jihar na iyaka da Nijar ta Kamba, da kuma Jamhuriyar Benin ta yankin Bagudo. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, kuma ba a sake buɗe ta Kamba ba sai a Afrilun 2022. Motocin da suka ci gaba da shigowa ta ɓarauniyar hanya sun zo da wani aibi na daban, wato rashin takardun kwastan. Mai irin wannan mota yana tsoron doguwar tafiya, kuma duk mai sayen da ya san abin da yake yi zai karya mata farashi.

Sai kuma 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji: dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta zarce naira 1,500 a farkon 2024. Harajin kwastan a kan mota kuwa da farashin dala ake lissafa shi, don haka shi ma ya bi sahu.

Ga misali don lissafi. Motar da ta kai dala 5,000 ta kama naira miliyan 2.3 a tsohon farashi. A kan naira 1,500 ta zama miliyan 7.5, tun kafin a yi maganar haraji da ribar dillali. Mafi ƙarancin albashin da Gwamna Nasir Idris ya amince da shi a Kebbi a 2024 naira 75,000 ne. Ke nan ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya tara albashin wata 100 cur, fiye da shekara takwas, bai ci ba bai sha ba. Bashin banki ma ba mafita ba ne, ganin cewa Babban Bankin ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024.

Shi ya sa lissafin mai akwala ba wauta ba ne. Gyaran yau, kome tsadarsa, bai kai farashin wata motar ba. Gyaran wata mai zuwa ma haka. Sai bayan shekara biyu ko uku, idan ya haɗa jimla, zai ga ya biya kuɗin mota a hannun makaniki da mai sayar da kayan gyara, alhali tsohuwar ce dai a ƙofar gida. Kayan gyaran su ma da dala ake shigo da su, kuma na jabu sun cakuɗe da na ƙwarai, ta yadda gyara ɗaya kan haifi wani.

Abin da ake asara ya wuce ƙarfe

Kalgo na dab da Birnin Kebbi, kuma a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza ne mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 yake. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa na zirga-zirga tsakanin garuruwan kullum. Gwandu kuwa tana gabas, kusa da iyakar Jihar Sakkwato, kuma ƙauyukanta sun dogara ne da babura da ƙananan motocin haya wajen kai amfanin gona kasuwa da marasa lafiya asibiti. Idan motar haya ta mutu a hanya da mai naƙuda a ciki, maganar ta tashi daga ta aljihu ta koma ta rai. Birkin da aka ɗage gyaransa zuwa ƙarshen wata barazana ne ga duk wanda ke kan titin.

A fadama ma haka take. A Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, kuma noman rani a jihar ya dogara ƙwarai da ƙananan injinan ban-ruwa. Shinkafa ba ta jiran makaniki. Injin da ya ƙi tashi na 'yan kwanaki a lokacin da take fitar da kai zai iya cinye wahalar kakar gaba ɗaya, bashin taki da iri kuma yana nan daram.

Me doka ta ce?

A Amurka akwai dokoki na musamman da ke tilasta wa kamfani ya karɓi sabuwar motar da gyaranta ya gagara, ya maido kuɗi ko ya ba da wata. Jihar Konetikat ce ta fara kafa irinta a 1982. Najeriya ba ta da doka ta musamman a kan mota, amma tana da Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta bai wa mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci marasa aibi. Ta ba shi damar mayar da kayan da suka gaza cika wannan sharaɗi cikin wata uku da karɓa, a gyara masa, ko a canza, ko a maido masa da kuɗinsa. Ta wajabta wa ɗan kasuwa ya bayyana idan kayan na hannu ne ko an yi musu kwaskwarima, ya kuma ba da shaidar ciniki a rubuce. Hukumar ta sha nanata cewa rubuta wa mai saye wai ba a maido da kuɗi bayan ciniki bai soke haƙƙinsa ba.

Wannan haƙƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna kuma aka binne shi. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan malamai, irin su Risala da Muhtasar, sun haramta algus da ɓoye aibin haja. Sun kuma bai wa mai saye zaɓi idan ya gano tsohon aibin da ba a faɗa masa ba: ya riƙe ko ya mayar. Cewar mai sayarwa ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya yi shiru. Kebbi na cikin jihohin da ke da kotunan shari'ar Musulunci, kuma rikicin ciniki na cikin abubuwan da ake kai musu.

To me ya hana mutane cin gajiyar dokokin biyu? Na farko, hujja. Cinikin mota da babur galibi da baki ake ƙulla shi, ko da 'yar takardar da ba ta ambaci lafiyar abin hawan ba. Na biyu, nisa: ƙorafi ga FCCPC galibi ta intanet ake shigar da shi, manomin da ke Diggi ko Kambaza kuwa da wuya ya taɓa jin sunan hukumar. Na uku, kunya, domin dillalin sau da yawa ɗan uwa ne ko maƙwabci. Na huɗu, akwai ɓarnar da ba a san wanda za a kama ba. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amince cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Beljiyam, masu motoci da dama suka koka da lalacewar injina. Direban da ya sha irin wannan mai a ƙaramin gidan mai, ba tare da rasit ba, da me zai kafa hujja?

Inda gyara zai iya farawa

Mai saye na da 'yan matakan kare kai. Galibin motoci na da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, kuma ana iya binciken tarihin waɗanda suka fito daga Amurka da ita ta intanet. Yana da kyau makanikin da zai duba ya zama ba shi da kaso a cinikin, a tabbatar da takardun kwastan, a kuma rubuta aibin da aka bayyana a gaban shaidu.

Sai dai babban nauyin na kan hukuma ne. Tantance mota tun a tashar jiragen ruwa aikin Gwamnatin Tarayya ne. Jami'an duba lafiyar ababen hawa kuwa na jiha ne, kuma takardar da suke bayarwa ya kamata ta biyo bayan dubawa ta haƙiƙa, ba biyan kuɗi kawai ba. Majalisar Dokokin Kebbi na da ikon wajabta wa dillalan motoci da babura da injina yin rajista da ba da rubutacciyar yarjejeniya, a kuma samar da teburin karɓar ƙorafi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma. Waɗannan tambayoyi ne da matasan Gwandu da Kalgo za su iya ajiye wa duk mai neman ƙuri'arsu, domin 'yan siyasar da ke rabon babura da injinan ban-ruwa a lokacin kamfe ba kasafai ake tambayarsu wa zai ɗauki nauyi idan kayan suka mace bayan wata biyu ba.