Kafin Sukuwar Farko: Fili, Doki da Kayan Hawa a Farkon Rani

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, aka yanke gero, dawa ta fara sunkuyar da kai, sai dawaki su soma fitowa daga barga a Anka da Gummi da Bukkuyum. Kaka ce, lokacin aure da naɗin sarauta, ga ɗan kuɗi a aljihu, ga sanyin la'asar mai daɗin kilisa. Mafi yawan waɗanda za su ɗaura sirdi a wannan lokaci ba sana'arsu ce hawa ba. Akwai ɗan kasuwa, akwai malamin makaranta, akwai ɗan sarauta, akwai kuma saurayin da ya aro ingarman kawunsa don rakiyar ango. Dukkansu sun yi marmarin sukuwa bayan watannin damina.

Wannan marmari shi ne wurin tsoro. A makonnin farko na rani abubuwa uku sukan haɗu ba tare da ko ɗaya ya shirya ba: filin da za a taka, dokin da zai yi gudun, da kayan da ke riƙe da mahayi. Doki kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara sa wa dawaki lifidi, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya wajaba a adana. Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, tana da nata kason a wannan gado. Abin da ya kamata a gada tare da kwalliyar shi ne sanin kiwon dabbar.

Ƙasa ba ta bushewa rana ɗaya

Fadamun Gulbin Zamfara a ƙasar Gummi da Bukkuyum laka ce mai riƙe ruwa. Idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, saman lakar yakan bushe ya yi ɓawo alhali ƙarƙashinsa da sauran danshi. Doki yana tafe a guje, kofato ya fasa ɓawon ya nutse, jiki ya wuce, ƙafa ta tsaya. Bayan wasu makonni kuma lakar ta ƙafe ta tsattsage, sawun shanun da suka ratsa ta tun tana ɗanya ya daskare ya zama ƙananan ramuka masu kaifin baki. Inda ambaliya ta bi, kamar wadda ta auka wa Gummi a watan Agusta na 2024, ruwa yakan zaizaye wani wuri ya jibge yashi a wani, ta yadda filin da mutum ya sani bara ba shi ne na bana ba.

A tudu matsalar daban ce. Gonar da aka girbe tana da kunya da kututturen kara, busasshiyar ciyawa kuma tana rufe ramin gafiya da na kurege. A yankunan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Yargalma, akwai tsofaffin ramukan haƙa, sannan akwai turɓayar da ta gurɓace da dalma, wadda ta yi sanadin mutuwar yara sama da 400 a annobar da aka gano a 2010. Dalma tana kashe dabbobi ma, don haka bai dace a yi wa doki ciyawa ko a shayar da shi kusa da inda ake niƙa ko wanke dutse ba.

Rairayin gulbi yakan yaudari mahayi saboda laushinsa, amma yashi mai zurfi yana gajiyar da ƙafa da wuri, yana kuma jan jijiya fiye da ƙima. Kwalta ta fi su duka muni: tana da tauri, tana da santsi, ga babura ga yara. Rashin tsaro ya taƙaita fita bayan gari a wurare da dama na yammacin Zamfara, sai kilisa ta koma cikin unguwa. A Kano hukumomi sun sha hana kilisa a kan tituna saboda irin wannan haɗari. Ƙa'ida ɗaya ta wadatar a nan: filin da mutum bai taka da ƙafarsa ya duba ba, kada ya saki linzami a cikinsa.

Zuciya tana riga ƙashi shiryawa

Daga gwiwar doki zuwa kofato babu tsoka, sai ƙashi da jijiya da fata. Idan yana sukuwa, gudunsa kan kai kilomita 50 zuwa 60 a awa, kuma a kowane tsalle akwai lokacin da ƙafar gaba ɗaya tak take ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu ko fiye. Babbar jijiyar da ke bayan ƙwauri takan miƙe kusan iyakar abin da za ta iya jurewa. Idan ta tsage, jinyarta takan ci wata tara zuwa shekara, kuma sau da yawa ciwon yakan dawo.

Sassan jikin doki ba sa karɓar horo tare. Zuciya da tsoka sukan ƙarfafa cikin 'yan makonni, ƙashi sai ya ɗauki watanni, jijiya kuma ta fi kowa nawa. Shi ya sa dokin da ya kwashe damina a turke yana cin ɗanyar ciyawa zai fito da ƙiba da sheƙi, yana haniniya yana tuma, mai shi ya ɗauka ya shirya. Ƙarfin zuciyar ne ya dawo, ƙafafun ba su iso ba tukuna.

Horo sai a bi shi daki-daki. Mako biyu ko uku na farko tafiya ce kawai a ƙasa mai daidai, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Daga nan sai sassarfa, sai gudu matsakaici, kuma ba za a kai ga sukuwa sosai ba sai bayan mako shida zuwa takwas. Kowace safiya a shafa ƙafafun da hannu. Zafi ko kumburi a bayan ƙwauri alama ce ta a dakata, ko da dokin bai fara ɗingishi ba. Bugun zuciyar lafiyayyen doki yana hutawa yakan kasance tsakanin 28 da 44 a minti, a sukuwa kuma ya haura 200. Dokin da ya samu horo bugunsa yakan sauko da sauri bayan gudu, wanda kuwa ya daɗe yana haki to aikin ya fi ƙarfinsa. Kofato ma yana son gyara duk mako shida zuwa takwas, musamman a wannan lokaci da yake fita daga danshi zuwa bushewa yana tsagewa.

Sabuwar dawa, ƙura da ciwo

Kaka tana zuwa da wani tarkon, wato yalwar hatsi. Mai doki yana son dabbarsa ta yi ƙarfi, sai ya cika mata komi da sabuwar dawa. Cikin doki ƙarami ne, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma doki ba ya amai. Hatsin da ya yi yawa yakan wuce babban hanji bai narke ba, ya yi tsami, ya kawo murɗar ciki ko kumburin cikin kofato, wanda kan gurgunta doki har abada. Duk wani sauyin abinci, ko daga ɗanyar ciyawa zuwa harawa ne, a yi shi sannu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Harawa da ciyawa su zama tushen abinci, dusa da hatsi kuma a raba su kashi-kashi. Doki yakan sha lita 25 zuwa 50 na ruwa a yini, kuma aiki mai tsanani cikin zafi yana iya fitar masa da gumi lita 10 ko fiye a awa ɗaya. Kanwa da gishiri suna da amfani, amma sai da wadataccen ruwa.

Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, kuma a sukuwa kowane tsalle numfashi ɗaya ne. Ƙurar hunturu da harawar da ta yi fumfuna suna shiga huhunsa kai tsaye. Dokin da ke tari ko majina ba na fili ba ne, kuma bai kamata a haɗa shi da sauran ba. Murar dawaki da ta ɓarke a jihar Sakkwato a ƙarshen 2018 ta bazu a Nijar da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma cikin 2019, ta kashe dubban jakuna. Taron hawa, inda dabbobin garuruwa da yawa ke shan ruwa a mazubi ɗaya, hanya ce mai sauƙi ga irin wannan cuta. Akwai kuma zazzaɓin dawaki na Afirka, wanda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa a ƙarshen damina, ya fi kuma kada dawakin da aka shigo da su daga waje. Sai cutar sarƙewar haƙora, wadda doki ke cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa, ƙusa ɗaya a kofato ta isa. Likitan dabbobi shi ne abokin shawara kan rigakafi da maganin kaska da tsutsar ciki.

Kayan da ke riƙe da rai

Jalala da sauran kayan ado su ne ido ke fara gani, amma ran mahayi yana rataye ne a majayi da igiyar likkafa da kamazuru. Fata ce, damina ta sa mata fumfuna, hunturu ya busar da ita ta ƙandare. A fito da su tun da wuri, a lanƙwasa kowace igiya a duba tsaga, a shafa mai, abin da ya ruɓe a kai wa baduku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sirdin ma a sake gwada shi, domin bayan dokin da ya yi ƙiba ko ya rame ya sauya, kuma huhun sirdi da ya kwanta yakan bar itace ya ci baya har ya zama gyambo.

Linzamin gargajiya mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa a yi zamiya a gaban sarki, a hannun ɗan koyo kuwa yana yanka harshe da dasashi. Jini a bakin doki shaida ce ta mugun hannu. Haka ƙaimi da bulala, ba sa ƙara wa gajiyayyen doki gudu.

Babban abin da ke kashe mahayi shi ne buguwar kai, da kuma maƙalewar ƙafa a likkafa doki ya ja shi. Masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, a duwatsun Alps na Turai ko Oukaïmeden na Maroko, sun san haɗarin farkon lokacinsu, sa'ad da siririyar ƙanƙara ke ɓoye duwatsu. Saboda haka sukan kai kayansu a gwada maƙallin da ke sakin takalmi idan mutum ya faɗi, Italiya kuma ta wajabta hular kwano ga yara 'yan ƙasa da shekara 14 a 2005. Ba sai mun je nesa ba ma. 'Yan wasan folo na Katsina, inda Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan, Sarki Usman Nagogo ya yi fice a cikinsa, da hular kwano suke shiga fili, kuma babu mai ce musu matsorata. Rawani ado ne na ranar hawa. Ranar sukuwa da ranar horo, hular kwano da takalmi mai dunduniya da likkafar da ƙafa ke fita cikinta ba tare da maƙalewa ba su ne kayan aiki.

Tsere da tsari

Raba dawaki gwargwadon shirinsu tsohuwar ƙa'ida ce. Ya zo a Sahihul Bukhari daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere a Madina, inda dawakin da aka horar suka yi gudu daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, kimanin mil biyar ko shida, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su kimanin mil ɗaya. Wannan ya isa madogara ga duk mai shirya sukuwa a yau.

Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum, tare da ƙungiyoyin mahaya, suna iya tsara abin ba da kuɗi mai yawa ba. A keɓe fili ɗaya, a bi shi a ƙafa a cike ramuka, a yayyafa ruwa don rage ƙura. A ja igiya tsakanin 'yan kallo da hanyar gudu, a bar wadataccen wuri bayan layin ƙarshe, domin doki a guje ba ya tsayawa nan take. Tseren farkon lokaci ya zama gajere, a yi shi da safe ko bayan la'asar, a raba manyan dawaki da ƙanana, gwanaye da 'yan koyo. A samu likitan dabbobi ko dattijon barga mai ikon cewa wannan doki yau ba zai fita ba, kuma maganarsa ta zauna ko dokin na wane ne. Bayan gudu a zagaya da doki a hankali, a zuba masa ruwa a jiki, a shayar da shi, a jinkirta hatsi har numfashinsa ya daidaita.

Doki dukiya ce mai tsada a wannan zamani, kuma amana ce da za a tambayi mai ita. Wanda ya yi haƙurin mako takwas yana tafiya da sassarfa, ya duba filinsa, ya gyara majayinsa, shi ne zai kai watan Maris da ingarmansa a kan ƙafa huɗu, shi ne kuma zai samu abin hawa idan Sallah ta zo.