Motar Kara da Fasahar Motsi Mai Maimaituwa

A cikin ƙarni na ashirin waɗansu masu fasaha na Turai da Amurka suka gaji da sassaƙa mai tsayuwa wuri guda, suka shiga ƙera abin kallo mai motsi. A shekarar 1920 Naum Gabo, mutumin Rasha, ya kafa siririyar sandar ƙarfe, ya sa lantarki yana kaɗa ta, har ido ya riƙa ganin wata siffa wadda ke ɓacewa da zarar sandar ta tsaya. Theo Jansen na ƙasar Holan kuwa, tun 1990 ya fara gina manyan dabbobi da bututun roba, masu takawa a bakin teku da ƙarfin iska. Waɗannan na'urori ba su niƙa, ba su ɗinki. Aikinsu kawai su maimaita motsi guda, mutane su tsaya kallo.

Mai sauraro yana iya ɗauka abin baƙo ne a ƙasar Hausa. Amma in ya zaga Gusau ko Tsafe ko Bungudu bayan kaka, sa'ad da aka yanke dawa, kara ya bushe, zai tarar da yara suna wannan sana'a ba tare da an raɗa mata suna ba. Sukan feɗe ɓawon kara su soka cikin totuwa, su fafe sakaina ko tsohon silifa su yi ƙafafu, sai ga mota. Wannan matakin farko ne. Gwaninta tana bayyana ran da yaro ya samu waya, ya ce shi tsuntsu yake so a bisa motar, mai kaɗa fiffike in ana turawa.

A nan fa matsala take. Ƙafar mota juyawa take yi, fiffike kuwa sama da ƙasa. Dabarar ita ce a lanƙwasa wayar da ta haɗa ƙafafun nan biyu, a yi mata gwiwa a tsakiya, sa'an nan a saƙala wata waya daga gwiwar zuwa fiffike. Juyi ɗaya, bugu ɗaya. Zurfin gwiwa shi ke yanke nisan motsi, domin wayar tana hawa da sauka ninki biyu na wannan zurfi. Ƙanƙantar ƙafa kuma ita ke kawo sauri, tun da ƙaramar ƙafa ta fi yawan juyi a tafiya guda. In aka yi gwiwa biyu masu saɓa wa juna, sai a sami ɗan keke mai tuƙi, ƙafa ɗaya ta hau ɗaya ta sauka. Wurin da ake shan wuya shi ne mahaɗa: in ta matse ta cije, in ta yi sako-sako ta fita. Abin da ya yi motsi sau ɗaya ya lalace ba a kiransa na'ura, sai wanda ya yi sau dubu bai canza ba.

Malaman yaron nan a bakin hanya suke. Jirgin ƙasa ya iso wannan yanki ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, kuma yaran wancan zamani sun ga dogayen hannuwan ƙarfe na jirgin gawayi suna kai da komowa a jikin ƙafafunsa. Jirgin gawayi ya daɗe da wucewa, amma keken ɗinki yana nan, yana yin aikin a juye: tela ya taka sama da ƙasa, gwiwa ta mai da takun juyi. Harshe ma ya lura da haka, domin Hausa takan ninka kalma in motsi ya ninku, alal misali zugazugi da gare-gare.

Ita gwiwar ba sabuwa ba ce. Al-Jazari, injiniyan sarakunan Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya kammala littafinsa a 1206, ya siffanta na'urori hamsin, har da famfon ɗebo ruwa mai mai da juyi kai-da-komowa, da agogon giwa wanda duk rabin sa'a tsuntsu yakan yi kuka, direban giwa ya yi bugu. Larabawa suna kiran wannan ilmi hiyal, watau jam'in kalmar nan hila wadda Hausa ta ara da ma'anar wayo.

Abin damuwa shi ne, a gida akan ɗauki motar kara wasan banza, mai hana yaro zuwa aike. Gurbinta kuwa motar roba mai batir ta kasuwa ke cikewa. Wannan ta fi kyan gani, babu musu, amma cikinta a rufe yake da ƙusa. Motar waya in ta cije, yaro yakan kifa ta, ya ga mahaɗar da ta matse, ya sassauta ta da haƙori. Ta roba in ta tsaya, sai a jira ranar kasuwa.