Hayar ƴan kwanaki a Fatakwal: masu karɓar haraji sun yi yawa

A unguwannin da ke kewaye da Trans-Amadi, inda kamfanonin hidimar mai suka yi sansani a Fatakwal, masu gidaje da dama sun daina neman ɗan haya na shekara. Sai su sa gado da na'urar sanyaya ɗaki da janareta, su ɗora hoton a Airbnb ko Instagram, injiniyan da ya zo aikin mako biyu ya biya kuɗin kwana. Lissafin a fili yake: kuɗin hayar shekara hauhawar farashi na cinye shi kafin wa'adi ya cika, na kwana kuwa ana iya ƙara shi gobe.

Saukar baƙo ba sabon abu ba ne ga Bahaushen kudu. Tun zamanin fataken goro da shanu, fatoma ke ba baƙo ɗaki, ya tsaya masa a ciniki, ya ci la'ada. Bambancin yau shi ne hukuma ta sa ido, kuma ba hukuma ɗaya ba.

Dokar haraji ta 1998 ta raba abin da kowane mataki zai karɓa: rajistar wurin kasuwanci ta jiha ce, harajin gini da na allon talla na ƙaramar hukuma. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke cewa rajista da lasisin otal-otal hurumin jihohi ne, a shari'ar da Legas ta yi nasara, jihar da ke karɓar kashi 5 cikin ɗari daga baƙin otal tun 2009. Sai ga VAT na kashi 7.5, wanda a Agustan 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta ce ba hurumin hukumar tara haraji ta tarayya (FIRS) ba ne, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kowa ya dakata. To mai ɗaki biyu, otal ne shi ko mai gidan haya? Nan gizo ke saƙar. Wannan jami'in haraji ya zo da rasit, wancan ya zo da kwaɗo zai garƙame ƙofa.

Mai manyan gidaje yana da akanta da lauya, ya biya, ya ɗora wa baƙo. Ƙaramin kuwa ɓuya yake: babu allo a ƙofa, ciniki ta WhatsApp, kuɗi ta asusun kansa. Gwamnati ta rasa kuɗin, ta kuma rasa sanin wanda ya kwana a ina, a garin da tsaro ba abin wasa ba ne. Wanda ya fi shan wuya shi ne mai kawo albasa ko tumatir daga arewa da ke neman ɗakin shekara, don ɗakunan sun ragu, kuɗinsu ya hau.

A ganina ba yawan kuɗin ke korar mutane ba, yawan hannayen da ake miƙowa ne. Ya kamata gwamnatin jihar Ribas ta fito da rajista ɗaya da rasit ɗaya, ta bambanta mai ɗaki biyu da mai otal.