Binciken da Ya Ceci Gonakin Maniyyatan Malesiya

A shekarar 1959, Ungku Abdul Aziz, masanin tattalin arziki a Jami'ar Malaya, ya nazarci yadda manoma ke tara guzurin Hajji. Ya tarar suna ɓoye kuɗi a gida gudun kuɗin ruwa, wasu kuma su sayar da gona, su dawo daga Makka hannu wofi. Gwamnati ta karɓi shawararsa, ta kafa asusun maniyyata a 1963, wanda ya zama Tabung Haji, mai juya ajiya ta hanyar halal. Najeriya ta ƙaddamar da irinsa a 2020. Mun sha ganin an sayar da gonar gado domin biyan kujera. Mu fara tanadi da wuri, ɗalibanmu kuma su karkata bincikensu ga irin wannan matsala.