DAƁEN DA GARMA KE YI A ƘARƘASHIN GONA

Sau da yawa manomi ya kan huɗe fadamarsa da garmar shanu ko tarakta washegarin ruwa mai yawa, don gudun kada a riga shi shuka. Bayan 'yan shekaru sai ya ga ruwa yana kwanciya a tsakanin kunyoyi, dawa tana ɗorawa, in ya tuge kara ya tarar saiwar ta tanƙware ta bi gefe. Sai ya ce gona ta gaji. Alhali kuwa sau da yawa daɓe ne ya samu a ƙarƙashinta, daidai inda bakin garma ya ke tsayawa.

Masanan ƙasa sun binciki yadda wannan ke faruwa a ɗakin gwaji. Ƙwayar laka ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma faɗi gare ta kamar ɓawon kifi. A ƙasa mai kyau ƙwayoyin nan a cakuɗe su ke, wata a tsaye, wata a kwance, wata a karkace, da 'yan ƙofofi tsakaninsu inda ruwa da iska da saiwa ke bi.

Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da a ke gwaji da shi, faɗinsa ya kan zama santimita 6, an raba shi biyu, sama da ƙasa. A kan cika shi da laka, a danne da nauyi, sa'an nan a riƙa tura rabi guda a hankali har lakar ta goce. A shekarar 1967 wasu masana biyu, Morgenstern da Tchalenko, a Imperial College ta Landan, suka yi haka da farar laka irin wadda a ke haƙa a Ƙanƙara. Suka sandarar da ita da wani irin kaki, suka yanka ta siriri, suka duba da madubi mai girmama abu. Sai suka ga a layin da lakar ta goce ƙwayoyin sun juya sun kwanta fuska ɗaya. Tun 1964 kuwa Farfesa Skempton ya nuna cewa idan laka ta goce ta yi nisa, ƙarfinta a kan layin nan ya kan ragu ƙwarai, ba ya kuma komowa don kansa.

Ma'anar wannan ita ce ƙarfin ƙasa ya danganta da fuskar da aka ɓullo mata. Kowane mai faskare ya san itace ya fi saurin tsagewa ta tsawonsa. Haka laka ta ke idan ƙwayoyinta sun kwanta: ta gefe tana santsi, ta sama kuwa ta toshe. Shi ya sa gaɓar rafi ko bangon madatsar ruwa da ya taɓa zamewa ya kan sake zamewa a wuri guda. Shi ya sa kuma maginiyar tukwane ke shafe tukunya tun da ɗanyenta. Aikin da hannunta ke yi, shi bakin garma ke yi wa jiƙaƙƙiyar laka, ga kuma nauyin shanu ko tarakta yana ƙara dannewa.

Akwai gwaji mai sauƙi da wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Atterberg, ya fito da shi a 1911. Manomi ya ɗebo ƙasa daga zurfin da garma za ta kai, ya murza ta a tafin hannu. Idan ta yi zare siriri, kaurin milimita 3, watau kamar tsinken ashana, ba ta marmashe ba, to, ta cika laima, sai ya dakata kwana ɗaya ko biyu. Idan ta marmashe tun ba ta kai haka ba, huɗa ta yi. Jigawa ba ta yin zare, don haka wannan gwaji na masu laka da fadama ne.

Wanda daɓe ya riga ya kama gonarsa, ya fasa shi da zurfin kaftu sa'ad da ƙasa ta sha iska, kada kuma ya riƙa huɗa a zurfi guda kowace shekara. Ya yawaita takin shanu, ya bar karmami a gona, gara da tana su huda masa ƙofofi. Mai shinkafar fadama da ke son ruwa ya tsaya masa kaɗai ne daɓen nan ke yi wa amfani. Sauran manoma su tuna, haƙurin kwana biyu ya fi gyaran shekaru. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.